Fasfo, Allura da Kwale-kwalen Ƙarshe: Amsoshi ga Masu Tafiya Aikin Sa Kai Su Kaɗai

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan abu guda: mutum ya saɓa jakarsa shi kaɗai, ya nufi ƙasa mai zafi da yawan ruwan sama, don ya haɗu da ƙungiyar 'yan sa kai da bai taɓa gani ba sai a intanet. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama digiri a fannin nazarin halittu, kuma na ci karo da wata ƙungiya a Facebook mai neman 'yan sa kai na wata 2 a dajin Amazon. Sun ce sai na biya kuɗi kafin su aiko da takardar gayyata. Ashe mai aikin kyauta ma biya yake yi? Ko dai 'yan damfara ne?
— Wani matashi

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Neman kuɗi shi kaɗai ba ya nuna damfara. Ƙananan sansanonin bincike a cikin daji ba su da gwamnati a bayansu, kuma abincinka, makwancinka da man kwale-kwalen da zai ɗauko ka duk daga aljihun wani za su fito. Akwai dai waɗanda ba a biya, su ne ma ke ba da alawus. Shirin 'yan sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa a 1970 mai hedikwata a Bonn ta Jamus, yana cikinsu, haka ƙungiyar 'yan sa kai ta VSO ta Ingila da ta faro a 1958. Irin waɗannan gwaninta suke nema, tantancewarsu kuma tana ɗaukar watanni. Duk wanda ya ce shi wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya kuma nemi kuɗin fom, ɓarawo ne, domin Majalisar ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar mutum.

Abin da za ka bincika shi ne inda kuɗin ke zuwa. Ka nemi su rubuto maka rabonsa: nawa na abinci da kwana, nawa na aikin kansa, nawa na dillalin da ya haɗa ku. Sau da yawa shafin da ka gani ba na masu sansanin ba ne, na wani kamfani ne a wata nahiyar da ke yankar kaso mai tsoka. In ka gano sunan ainihin sansanin, rubuta musu kai tsaye. Ka nemi lambar rajistarsu, ka duba ta da kanka a shafin hukumar da ke rajistar ƙungiyoyi a ƙasar. Masu binciken namun daji a wurin da aka keɓe suna da izini daga hukumar gandun daji, ka tambayi nasu. Sannan ka ce su haɗa ka da mutum 2 ko 3 da suka yi aiki a can cikin shekarar nan, ka yi magana da su baki da baki ta bidiyo. Saƙon rubutu kowa na iya ƙirƙirarsa.

Ka kuma lura da abin da su suke tambayarka. Ƙungiyar kirki za ta so sanin abin da ka iya, lafiyarka, da ko kana da inshora. Wadda ba ta tambaye ka komai ba sai ranar biya, kuɗinka take so. Kada ka tura kuɗi asusun mutum ɗaya, kuma kada ka biya duka tun kafin a ba ka biza.

Akwai wata alamar da ta fi duk waɗannan muni, ita ce akasin taka: a ce za a saya maka tikiti, a biya ka albashi mai kauri, aikin kuma ba a fayyace shi ba. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a Agustan 2023 cewa aƙalla mutum 120,000 a Miyanma da kusan 100,000 a Kambodiya na iya kasancewa tsare a gidajen da ake tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Da yawansu da tallar aiki aka jawo su, aka karɓe fasfonsu da isarsu. Fasfo ba ya kwana a hannun kowa sai mai shi.

Tambaya: Ƙungiyar da zan je ta ce in nemi bizar yawon buɗe ido kawai, in kuma jami'an shige da fice sun tambaye ni kada in ambaci aikin sa kai. Shin hakan daidai ne?
— Wata ma'aikaciyar jinya

Amsa: Ba daidai ba ne, 'yar'uwa, kuma wannan shawarar ta isa ta sa ki sake duban ƙungiyar. Ƙasashe sun sha bamban. Wasu suna barin mai bizar yawo ya yi ɗan aikin kyauta na gajeren lokaci. Wasu kuwa, irin su Tailan, doka tana ɗaukar aikin sa kai a matsayin aiki ko ba a biyan ko kwabo, yana buƙatar irin tasa biza da izinin aiki. In aka kama, ke za a tsare, ke za a kora, a fasfonki tambarin zai zauna. Ƙungiyar kuwa gobe za ta karɓi wani. Ofishin jakadancin ƙasar ne mai amsar, ki tambaye su a rubuce, ki ajiye amsar. Tunda jinya kike yi, ki ƙara da tambayar ko sai kin yi rajista da hukumar ma'aikatan jinya ta can kafin ki taɓa majinyaci. A yawancin ƙasashe sai an yi.

Abin da ya fi mayar da matafiya gida tun daga filin jirgi kuwa ba bizar ƙasar da za a je ba ce, ta ƙasar da za a yada zango ce. Amurka ba ta san wani abu wai shi wucewa kawai ba: ko awa 2 za ki yi a filin jirginta kafin ki hau wani, sai da biza ko izinin shiga. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen da kuma Ingila suna neman bizar yada zango daga masu riƙe da fasfon wasu ƙasashe, ko da ba za su fita daga filin jirgin ba. Ki duba wannan kafin ki sayi tikiti. Ki kuma sayi tafiyar duka a tikiti guda. In kika yanka ta gida biyu don araha, dole ki fita ki karɓi kaya ki sake awo, wanda ke nufin kin shiga ƙasar, kuma in jirgin farko ya makara na biyun ya tashi, babu kamfanin da zai ɗauki asarar.

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 da shafuka 2 zuwa 4 da ba a taɓa ba. Ki riƙe tikitin dawowa, takardar gayyata mai adireshi da lambar waya, da shaidar kuɗin da za ki ci. Duk a buga su a takarda. Waya tana mutuwa a daidai lokacin da jami'i ya miƙo hannu.

Tambaya: Saura mako 8 in tashi. Waɗanne allurai zan yi? Maganin zazzaɓin cizon sauro kuma, ni da na tashi a inda sauro yake, ina ganin jikina ya saba.
— Wani malamin makaranta

Amsa: Malam, mako 8 ya yi daidai, amma ka fara a wannan makon. Wasu alluran ba sau ɗaya ake yi ba.

Ta farko ita ce ta cutar shawara, domin rashinta zai iya hana ka shiga ƙasa. Katinta mai launin rawaya ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka wanda ya yi ta ana gobe tafiya kamar bai yi ba ne a wurin jami'i. Tun daga 11 ga Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da allura ɗaya ta zama ta har abada, ko da tsohon katin ya ce shekara 10. Ƙasashe da yawa, har da waɗanda ba su da cutar, suna neman katin daga wanda ya fito ko ya ratsa ƙasar da ke da ita. Kada a sayi kati ba allura, cutar kisa take yi. Mai juna biyu, mai raunin garkuwar jiki, wanda ƙwai ke tayar wa da rashin lafiya mai tsanani da wanda ya haura 60 su fara ganin likita.

Sai ta ciwon hanta nau'in A da ta taifod, saboda ruwa da abinci, da ta tetanus in an wuce shekara 10 da yin ta ƙarshe. Mai zuwa karkarar Asiya inda ake noman shinkafa da kiwon alade ya tambayi ta kumburin ƙwaƙwalwa da ake kira na Japan, allura 2 ce da kwana 28 a tsakani. Wadda muke so mu ja hankalinka a kai ita ce ta ciwon haukan kare. Mutane suna tsallake ta saboda tsada. Allura 2 ce, da kwana 7 a tsakani. Ba ta ɗauke maka zuwa asibiti in an cije ka, amma tana mayar da maganin ya zama ƙarin allura 2 kacal. Wanda bai yi ba kuwa, ban da jerin allurai, sai an samo masa wani sinadarin garkuwa da ake zubawa a cikin raunin, wanda sau da yawa babu shi sai a babban birni, wani lokaci ma sai a wata ƙasa. Ba kare kaɗai ba ne, biri da jemage ma suna ɗauke da cutar, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan ba a tashi.

Maganar sabo da sauro, akwai gaskiya a ciki amma rabi ce. Garkuwar da jiki ke samu ba cikakkiya ba ce, tana kuma raguwa in mutum ya daɗe ba ya inda cutar take. Sannan ƙwayar cutar iri-iri ce. A Amazon da sassan Asiya akwai nau'in bibaks mai ɓuya a hanta ya farfaɗo bayan watanni, a tsibirin Borniyo kuma akwai wanda sauro ke ɗaukowa daga birai. Ba kowane yanki ne ke buƙatar maganin rigakafi ba, likita zai duba ainihin gundumar da za ka zauna. In ana buƙata, uku ne aka fi bayarwa. Malarone kullum ake sha, a fara kwana 1 ko 2 kafin shiga yankin, a ci gaba kwana 7 bayan fita; yana da sauƙi a jiki, yana da nauyi a aljihu. Doksisaikilin miligiram 100 kullum, da ƙarin mako 4 bayan fita. Yana da araha, amma yana sa rana ta ƙona fata da wuri, kuma in aka haɗiye shi ba isasshen ruwa aka kwanta yana ƙona maƙogwaro. Mai ciki ba ta shansa. Meflokwin sau ɗaya ne a mako, a fara mako 2 zuwa 3 kafin tafiya. Ba a ba mai farfaɗiya ko wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa, domin yana kawo munanan mafarkai da firgici. Inda aka fi faɗuwa shi ne makonnin bayan dawowa, mutum ya ga ya iso gida lafiya ya ajiye kwalbar.

Tambaya: An ɗauke ni aikin kula da kunkurun teku a Tortugero ta Kosta Rika. Sun ce ba sa zuwa filin jirgi, ni zan kai kaina. Ban taɓa tafiya ni kaɗai ba, kuma ba na jin Sifaniyanci. Mahaifiyata ta tayar da hankalinta.
— Wata ɗaliba

Amsa: Hankalin Mama ya tashi a kan abin da ya dace, ƙanwarmu, domin tsakanin filin jirgi da sansani nan ne tafiyar take. Jirgin sama kowa ya iya zama a cikinsa.

Tortugero ba ta da hanyar mota. Tana bakin tekun Karibiyan, kuma ana shigarta ne ta ruwa ko ta ƙaramin jirgin sama. Hanyar da aka saba bi daga San Hose, babban birnin ƙasar, ita ce bas zuwa Kariyari, wata bas ɗin zuwa mashigar La Pabona, sannan kwale-kwale mai inji na wajen awa guda, ko fiye in ruwan kogin ya ja baya. Hawa uku ke nan, kowanne ya dogara da wanda ya gabace shi, kwale-kwalen ƙarshe kuma da rana yake tashi. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, duhu kuma ba ya jira, cikin rabin awa ya rufe. Saboda haka kada ki haɗa saukar jirgi da wannan hanya a rana ɗaya. Ki kama ɗaki a birnin tun kafin ki tashi, ki kwana, ki kama bas ta farko da sassafe. Kwana guda ɗin nan kuma shi ke ba jakar da ta makara damar iso ki. In ba ta fito ba, kada ki bar filin jirgin sai kin cike takardar ɓatan kaya an ba ki lambarta.

Kafin ranar, ki sa su rubuto miki waɗannan: sunan tashar bas, lokutan tashi, sunan wanda zai tare ki a mashiga da hotonsa, lambobin waya 2, da abin da za ki yi in kwale-kwale ya wuce ki. Ki ce su rubuta adireshin da ɗan bayani da Sifaniyanci a takarda, ki nuna wa direba. Ki sauke taswirar yankin da manhajar fassara a waya yadda za su yi aiki ba intanet, ki sayi layin ƙasar tun a birni, ki canza kuɗi ki nemi ƙananan takardu, domin ƙauyukan bakin ruwa ba a dogara da na'urar cirar kuɗinsu. Kuɗin a raba su wuri 2 ko 3, da kati na biyu a wata jakar.

A filin jirgi ki hau tasi mai rajista daga layinsu, ban da mai biyo ki yana raɗa. Duk wanda ya zo ya ce ƙungiya ce ta aiko shi, ki bari shi ya faɗi sunanki da na wanda ya aiko shi, kada ki riga shi. Abokin hira a bas ba ya buƙatar sanin ke kaɗai ce. Ki ce masa ana jiranki a gaba, kuma gaskiya kika faɗa. A kwale-kwale ki sa rigar ceto ko da sauran ba su sa ba, fasfo da waya kuma a cikin leda mai zif a jikinki.

Mama kuma a ba ta aiki. Ki bar mata kwafin fasfo, tikiti, inshora da lambobin sansanin, ku tsayar da lokutan da za ki yi saƙo: na sauka, na hau bas, na isa. Ku kuma yi yarjejeniya kan awa nawa na shiru za su wuce kafin ta kira sansanin, don kada ɗaukewar sabis ta rabin yini ta hana ta barci.

Aikin kansa, tunda kin tambaya a ƙarshen wasiƙarki: da dare ake yinsa. Koren kunkuru yana fitowa yin ƙwai daga Yuli zuwa Oktoba, ana kuma bin diddiginsa a wannan gaɓar tun shekarun 1950, lokacin masanin nan Archie Carr. Za ku yi ta tafiya awa 4 ko fiye a cikin rairayi mai laushi, da tufafi masu duhu, ba fitila sai ja, domin farin haske yana mayar da uwar cikin teku ba ta yi ƙwan ba. Ki fara horar da ƙafafunki tun yanzu. Kuma kada kyan tekun ya ja ki wanka, igiyar ruwan wurin tana janye mutum.

Tambaya: Me zan ɗauka? Na ga wasu jerin kaya a intanet da ko akwati 3 ba za su ɗauke ba.
— Wani mai karatu

Amsa: Jakar goyo guda mai lita 50 zuwa 60 da 'yar ƙarama, nauyin duka kada ya wuce kilo 15. Kamfanin jirgi zai iya ba ka kilo 23, amma kai za ka ɗauke ta a kan katakon mashiga mai santsi, kuma ƙananan jirage ba sa karɓar haka. Akwati mai taya ba ya tafiya a laka.

Abokin gabarka danshi ne. Auduga mai kauri da wandon jins ba sa bushewa, kwana 3 sun fara wari, kayan fata kuma suna yin fumfuna. Ka ɗauki riguna marasa nauyi masu dogon hannu 3 ko 4, wanduna 2 ko 3 masu saurin bushewa, da safa da yawa fiye da yadda kake zato. Kaya kala guda ka keɓe shi a leda don barci kawai, kada ya taɓa fita aiki. Takalmin roba mai tsawo ya fi takalmin hawan dutse mai tsada amfani a dajin ruwa, kuma galibi ana samunsa a can. Kowace safiya a zazzage shi kafin a zura ƙafa, kunama da gizo-gizo suna son kwana a ciki.

Man korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 cikin 100, ko pikaridin kashi 20. In za a shafa da man kare rana, na rana ne farko. DEET yana cin roba, ka nisanta shi da gilashin ido da agogo. Tufafi a fesa musu fametirin mai ƙarfin kashi 0.5, a bari su bushe. Ba a shafa shi a fata. Gidan sauro mai magani, tocilar goshi, da fawa bank da bai wuce ƙarfin awa-wat 100 ba, wato kusan 27,000 a lambar da ake rubutawa a jikinsa. Wannan a jakar hannu yake shiga jirgi, ba a yarda da shi a kayan awo ba. Magungunanka ma a jakar hannu, cikin kwalinsu na asali da takardar likita. Wasu magungunan ciwo da na barci da ake sha a wata ƙasa, a wata kuwa ɗauri suke jawowa.

Tambaya: Ɗana ya isa sansaninsu mako guda ke nan. Yana kukan gajiya, ciwon kai da gudawa. Me ya kamata ya yi, kuma yaushe abin ya zama na asibiti?
— Wani uba

Amsa: Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Tambayar farko da za ka yi masa: akwai zazzaɓi? In ma'auni ya nuna 38 ko fiye a yankin da ke da zazzaɓin cizon sauro, a yi gwajin jini cikin awa 24, ko yana shan maganin rigakafi. Cutar tana iya bayyana daga kwana 7 da shiga yankin. Kafin a san sakamako, farasitamol kaɗai zai sha. Ban da asfirin, ban da ibuprofen, domin in zazzaɓin dengi ne suna ƙara haɗarin zubar jini. Dengi sauron rana ne ke kawo shi, kuma yana da yaudara: lokacin da zazzaɓin ya sauka, tsakanin kwana na 3 da na 7, shi ne mafi haɗari. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba tsayawa, jini daga dasashi ko hanci, duk na asibiti ne nan take. In ya shiga ruwan ambaliya ko laka da rauni a ƙafa, ya faɗa wa likita, akwai cutar da fitsarin ɓera ke zubawa a ruwa mai kama da wannan.

In babu zazzaɓi, mai yiwuwa zafi ne da ƙarancin ruwa. Jiki yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba, ko ga wanda ya san rana, domin a busasshen zafi gumi yana bushewa ya sanyaya jiki, a danshi kuwa zuba kawai yake yi. Sabon zuwa ya fara da ɗan aiki, ya riƙa ƙarawa kullum. Lokacin aiki ya sha kofi guda duk minti 15 zuwa 20, kada ya wuce lita 1.5 a awa, ya kuma ci abinci mai gishiri. Launin fitsari ne ma'auninsa. Wanda ya fara ruɗewa ko surutai a cikin zafi, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi asibiti.

Gudawa kuwa ruwan gishiri da sukari ne maganinta na farko. In babu na leda, lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ƙwayar tsayar da gudawa ta loferamaid ta ranar doguwar tafiya ce, ba a shanta in akwai jini ko zazzaɓi. Jini a bayan gida, kasa riƙe ruwa a ciki, ko wuce kwana 3, sai likita. Ya binciki ruwan da suke sha: tafasawa ta minti 1 ta wadatar, matatar hannu tana tare ƙwayoyin bakteriya amma yawancinsu ba sa tare bairos, ƙanƙara kuma daga ruwan da aka yi ta take.

Ka ƙara masa da waɗannan tunda kuna waya. Ƙaramin ƙwarzane a can yana zama gyambo cikin kwanaki, a wanke da sabulu a rufe. Cizo ko yakushin dabba, wanki da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, sannan asibiti a ranar. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya; a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa inda ke da maganin dafi. Kuma ya kiyayi babur. Haɗarin hanya da nutsewa a ruwa sun fi cututtukan daji kashe matasan matafiya.

Tambaya: Ina son yara. Na ga gidan marayu a Kambodiya da ke karɓar baƙi na mako 2.
— Wata mai karatu

Amsa: Niyyarki mai kyau ce, amma ba mu ba ki shawarar zuwa ba. Binciken hukumar UNICEF a Kambodiya ya nuna yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje, wajen 3 cikin 4, suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su. Inda baƙi ke biya don ganin marayu, wasu masu gidajen sai su shiga neman yaran da za su cika gadaje. Abin ya kai Ostareliya ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin nau'in bautar zamani a 2018. Ko a gidan da ba a cuta, yaron da ke shaƙuwa da sabuwar fuska duk mako 2 ana tafiya a bar shi yana cutuwa. Wurin da zai bar ki da yara bai nemi takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda ba, haka zai bar kowa. Ki nemi masu tallafa wa iyalai su riƙe 'ya'yansu. Haka ma wuraren da ke barin baƙo ya rungumi ɗan biri ko ɗan zaki a ɗauki hoto. Masu shirin mayar da dabba daji nesanta ta da mutane suke yi.

Tambaya: Inshorar tafiya dole ce? Kuma in na je na tarar ba abin da aka faɗa mini ba ne fa?
— Wani injiniya

Amsa: Dole ce, kuma a karanta ƙananan rubutun. Ta ƙunshi kwaso majinyaci daga daji zuwa babban asibiti da mayar da shi gida, nan kuɗin yake. Da yawa ba sa biyan raunin aikin ƙarfi, hawa sama, aiki da dabbobi ko ninƙaya da tukunyar iska sai an ƙara su tun farko, kuma faɗuwa a babur ba lasisi ko hular kwano ba a biya. Ciwon da kake da shi tun da, ka bayyana shi, in ba haka ba su ƙi biya. Lambar gaggawarsu a rubuta a takarda, a kira su kafin a fara babban magani.

Kwanakin farko kowa yana jin ya yi kuskuren zuwa, saboda haka gadon da bai yi ba ko abincin da bai gamsar ba a ba su mako guda, a yi magana da shugaban sansani. Amma neman riƙe fasfo, hana fita, tsangwama ta lalata, kwale-kwale ba rigar ceto, ko a sa ka aikin da ba ka da horonsa, kamar yi wa mutane allura, waɗannan ba a jira. Ka sayi tikitin da ake iya canza ranarsa, ka ɓoye kuɗin da za su kai ka birni da kwana 3 a masauki, ka riƙe lambar ofishin jakadancin ƙasarka mafi kusa, wanda wataƙila a maƙwabciyar ƙasa yake. Tun ranar isowa ka tambayi lokacin da kwale-kwale ko mota ke fita, da wanda ke tuƙa ta.